Darasi na 17: Tadbirin Kuɗin Biki da Sha'anin Makaɗa

A ƙasarmu ta Moriki, da sauran garuruwan da ke kan hanyar da ta taso daga Ƙauran Namoda ta nufi Shinkafi, har zuwa Zurmi da ƙauyukanta, idan kaka ta yi, aka kai gero da dawa rumbu, aka sheƙe wake, ɗan kuɗi ya shigo hannun magidanta, to, a sannan ne maganar aure take tashi a kusan kowane gida, domin wanda ya yi alkawari tun bazara yana so ya cika, wanda kuma yake da 'ya da ta isa ɗaki yana so ya sauke nauyin da Allah ya ɗora masa. Wannan darasi na magidanta ne da iyaye mata da samari masu niyya, kuma manufarsa ita ce mai karatu ya ɗauki rubutu da lissafin da ya samu a wannan aji ya tsara hidimar biki da su, tun daga kuɗin gaisuwar iyaye har zuwa sallamar makaɗa, ta yadda ranar da baƙi suka watse ba za a bar ango da amarya da iyayensu da bashi a wuya da rumbu wayam ba.

Farkon abin da ya kamaci mai hankali, tun bai taɓa ko kwabo ba, shi ne ya rarrabe tsakanin abin da shari'a ta wajabta, da abin da ta kwaɗaitar a yi, da abin da al'ada kaɗai ta ɗora wa mutane, saboda galibin wahalar da ake sha a biki daga cakuɗa waɗannan abubuwa uku take fitowa. Malamanmu na mazhabar Imamu Malik, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani a zaure ya sani, sun tabbatar da cewa aure yana ƙulluwa ne da waliyyi, da sadaki, da shaidu biyu adilai, da sigar nema da bayarwa. Kuma mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, wato zinariya mai nauyin giram ɗaya da ɗan ɗori, tun da dinari guda giram 4.25 ne a awon zamani. Ƙimarsa da naira tana hawa tana sauka tare da farashin zinariya, saboda haka sai a tambayi limami ko Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha a makon da za a ɗaura auren, kada a dogara da abin da aka ji bara. Walima kuwa mustahabbi ce, kuma gwargwadon hali ake yin ta, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci Abdurrahman ɗan Aufu da ya yi walima ko da da tunkiya guda ce, kuma ya zargi walimar da ake kiran mawadata a ƙyale matalauta.

Abin da ya saura bayan waɗannan, kamar na-gani-ina-so, da kayan sa-rana, da lefe, da anko, da kamu, da sayen baki, da gara, duk urfi ne, wato abin da mutane suka saba. Ba ina kira a watsar da su ba ne, domin urfi yana da matsayinsa matuƙar bai yi karo da shari'a ba, kuma kowa ya san lefe yana suturta amarya shekara guda ko fiye, gara kuma tana riƙe sabon gida a watanninsa na farko. Abin da nake cewa shi ne al'ada da ƙarfin mai ita ake auna ta, kuma duk ranar da ta kai mutum ga sayar da abincin 'ya'yansa, ta tashi daga kyautatawa ta koma israfi. Wannan kuka ba na yau ba ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara tun kafin jihadi, ya yi bayanin sunna da bidi'a a sha'anin aure cikin littafinsa Ihya'us Sunna; a zamaninmu kuma, cikin 2023, Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato ta zartar da doka domin rage almubazzaranci a bukukuwan aure da suna. Doka tana da amfaninta, sai dai ba ta shiga ɗakin uwar amarya a daren da ake ƙirga akwatuna. Wanda zai shiga can shi ne maigida ko uwargida da littafi a hannu.

Lissafin rumbu

Mafi yawan mutane suna fara lissafin biki ne daga abin da suke so a saya, sa'an nan su shiga neman inda kuɗi zai fito, alhali kuwa manomi ya kamata ya fara daga abin da dole ya rage a gida har wata kaka. Bari mu ƙaddara, domin koyon lissafi kawai, cewa wani magidanci ya sussuka dammunansa ya samu buhu 30 na gero da dawa. Abu na farko da zai fitar shi ne haƙƙin Allah, wato zakka, wadda take ushiri ce ga abin da ruwan sama ya shayar. Buhu 3 ke nan, saura 27. Idan gidansa yana cin tiya 2 kullum, kuma buhu yana ɗaukar kimanin tiya 40, to buhu guda kwana 20 zai yi, shekara kuwa za ta ci buhu 18 da ɗan ɗori, sai mu cika mu ce 19, saura 8. Ya ware buhu 1 na iri, saura 7. Ya tuna kuma amarya baki ce da ta ƙaru a gida, ga baƙi masu zuwa ganin ɗaki, ga rashin lafiya da ba ta sallama, sai ya ƙara ware buhu 2. Abin da ya rage buhu 5 ne, kuma waɗannan biyar ɗin su ne na biki, tare da abin da wake ko gyaɗa suka kawo, da ragon da aka yi kiwo domin wannan rana, da kwasar adashi idan akwai.

Wanda ya ga buhu 30 a tsakar gida zai ji kamar ya isa ya yi bikin da za a daɗe ana labari, amma alƙalami ya nuna masa kashi ɗaya cikin shida ne kaɗai nasa na kashewa. Dalilin da ya sa na nace a kan wannan shi ne, hatsi a kaka ya fi kowane lokaci araha, saboda kowa ya kai kasuwa a lokaci guda, a tsakiyar damina kuwa, wajen Yuli da Agusta, sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa sabo bai nuna ba, a nan yake tsada. Saboda haka wanda ya sayar da abincin gidansa a kaka domin ya cika akwati, shi ne zai koma kasuwar Shinkafi wata Alhamis da damina yana sayen abin da ya sayar da kuɗin da ya fi wanda ya karɓa, ko kuwa ya ci bashin hatsi a kan zai biya buhu da ƙari idan kaka ta yi, wanda riba ce tsantsa da shari'a ta haramta. Haka nan ba a taɓa uwar kuɗi domin biki: gona, da shanun huɗa, da keken ɗinki, da babur ɗin da ake neman abinci da shi, da jarin tireda, waɗannan su ne za su ciyar da auren, kuma ciyarwa wajibi ce a kan miji kullum safiya, alhali yinin biki yini ɗaya ne.

Ma'aikaci mai albashi da ɗan kasuwa su ma wannan hanya za su bi, sai dai a maimakon buhu su ƙirga wata: nawa gida yake ci, nawa ne kuɗin haya da na makaranta, me ya rage, kuma wata nawa za a yi ana tarawa kafin a sa rana. Sa rana kafin a yi wannan lissafi shi ne fafe gora ranar tafiya.

Littafin biki

A sayi littafi mai layi irin na 'yan makaranta, a keɓe shi ga wannan hidima kaɗai. A shafin farko a rubuta kuɗin da yake hannu, ban da wanda aka yi alkawari, domin alkawarin kawu da ke Legas ko na aboki da ke Gusau, ko da da kyakkyawar niyya aka yi shi, ba ya shiga lissafi sai ya iso. Daga cikin abin da ke hannu a cire ushiri a ajiye gefe saboda ba-zata, kada a taɓa shi sai larura ta kama. Sauran shafuka a ja musu layi uku a tsaye, su zama gida huɗu: gidan sunan abu, gidan kuɗin da aka ƙiyasta, gidan kuɗin da aka kashe a haƙiƙa, da gidan sunan wanda aka damƙa wa. A jera abubuwa bisa darajarsu, sadaki a sama, sai gyaran ɗakin da amarya za ta zauna, sai walima da goron ɗaurin aure, sai lefe, sai sauran al'adu, ta yadda idan kuɗi ya gaza daga ƙasa za a fara yankewa. Ƙiyasin kuma kada a yi shi a zaune a gida. A shiga kasuwa a taya, a rubuta, domin farashin wancan wata ba shi ne na wannan ba, kuma kayan aure sukan ƙara kuɗi a lokacin da aure ya yi yawa, kamar bayan kaka da kuma watan Sha'aban.

Manyan abubuwa ba su cika ɓata lissafi ba, tun da kowa yana tune da su. Ƙanana ne suke cinye kuɗi ba a ankara ba. Akwai itacen girki da niƙa da kuɗin 'yan garuwa, da hayar rumfa da tabarmi da manyan tukwane, da ɗinki, da lalle da kitso, da ladan masu girki, da abin da mai POS yake cira duk lokacin da aka karɓi kuɗi a hannunsa. Akwai kuɗin mota na masu kai lefe da masu jere da masu kai amarya, wanda tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya zama babban layi a littafi. Akwai kuma gwajin jini kafin aure, wanda Jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024, kuma ko inda doka ba ta tilasta ba maslaharsa a fili take, musamman tsakanin dangi masu auren zumunci, saboda ciwon sikila. Mutanen wannan yanki ba su manta da watan Satumban 2021 ba, sa'ad da aka rufe layukan waya da kasuwannin mako a Zamfara, ko ƙarancin takardun naira na farkon 2023. Saboda haka sadaki da kuɗin goro su kasance a hannu kwanaki kafin ranar, kada a tsaya jiran tura kuɗi ta waya da safiyar ɗaurin aure.

A kan lefe da kayan ɗaki, wajibi ne gidajen biyu su yi magana a fili ta bakin dattawa, tun kafin a sa rana, a yanke yawan turame da akwatuna, a kuma faɗa wa iyayen amarya girman ɗakin da aka tanada, domin sau da yawa uba yana cin bashi ya sayi gado da kujeru da kabad, a zo jere a tarar ɗakin ba zai ɗauka ba. Ga wata mas'ala da iyaye da yawa ba su sani ba: sadaki haƙƙin amarya ne, ba na uba ba ne balle na kawu, kuma abin da Mukhtasar na Shaihu Halilu ya lizimta shi ne ta yi kayan ɗaki bisa al'ada gwargwadon sadakin da ta karɓa. Abin da uba ya ƙara a kai alheri ne daga gare shi, ba bashi ba ne da surukai za su bi shi. Anko kuwa, a ganina, ya fi kowace al'ada zaluntar talaka, domin yana ɗora wa mace goma ko ashirin sayen atamfar da ba su yi niyya ba, har wata ta ƙi zuwa bikin 'yar'uwarta don kunya. Idan ba makawa sai an yi, a zaɓi mai sauƙin kuɗi, a kuma sanar cewa wadda ba ta samu ba ta zo da abin da take da shi.

Iyayenmu mata, shafin ƙarshe na littafin naku ne, na gudummawa. Kun fi kowa sanin cewa abin da ƙawa ta kawo ranar biki ajiya ce ta ba ki, ranar nata kuma za ki mayar, sau da yawa har da ɗori. To, a rubuta sunan kowa da abin da ta kawo, kuɗi ne ko kwano ko turmi, domin kada a manta a ɓata zumunci, domin kuma uwar biki ta san nauyin da ke jiran ta a watanni masu zuwa, kada ta ɗauki kuɗin gudummawa a matsayin riba ta ƙara faɗaɗa hidima da shi.

Makaɗa da mawaƙa

Na ware wa wannan babi wuri mai faɗi saboda shi ne inda kuɗi yake fita ba awo, kuma shi ne inda gardama take yawa tsakanin dattawa da matasa. Ƙasarmu ƙasar kiɗa ce tun asali. Ibrahim Narambaɗa mutumin Tubali ne, nan kusa da mu, kuma da kotso ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa. Alhaji Musa Ɗanƙwairo na Maradun, wanda ya rasu a 1991, shi ma da kotso ya yi wa sarakuna. Kassu Zurmi kuwa da kalangu ya yi wa 'yan tauri da mafarauta. Abin lura a tarihinsu shi ne kowane kiɗa yana da mutanensa da muhallinsa: kotso da taushi na fada ne, kalangu asalinsa na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta gayya, mata kuma a cikin gida suna da kiɗan ƙwarya da shantu da guɗa, irin abin da Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta shahara da shi. Talaka a da ba ya gayyato makaɗin sarki bikinsa. Makaɗin sana'ar gidansu ne yake zuwa, wanda ya san kakanninsa, kuma ya san iyakar abin da gidan zai iya bayarwa. Yau da lasifika da janareto suka shigo, wannan iyaka ta gushe, sai ka ga mai buhu biyar yana so a ji bikinsa har unguwa ta uku.

Ta fuskar shari'a, bayyana aure abin so ne, kuma an ruwaito a Sahihul Buhari cewa Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta raka wata amarya gidan wani mutumin Madina, Manzon Allah ya tambaye ta ko ba su da wani abin nishaɗi, tun da mutanen Madina suna son haka. Mai Risala ya halatta duffi a biki, wato ganga mai fuska ɗaya irin mandiri, ya ambaci saɓanin malamai a kan babbar ganga, ya kuma hana halartar wurin da ake busa da kayan tsirkiya na wargi. Malamai na da da na yanzu sun yi saɓani a kan sauran kayan kiɗa, kuma wannan aji ba zauren fatawa ba ne. Kowa ya tambayi malamin da ya amince da iliminsa. Amma akwai abubuwan da ba saɓani a kan muninsu, su ne cakuɗar maza da mata a filin rawa, da batsa a cikin waƙa, da shagala har salla ta wuce, da hana maƙwabta da marasa lafiya barci. Zamfara kuma jiha ce da ta ƙaddamar da shari'a a Gusau tun watan Oktoban 1999, tana da Hukumar Hisba, kuma umurnin hukuma a kan taron dare yakan canja bisa halin tsaro. Saboda haka kafin a ba kowane makaɗi kafin alƙalami, a je wurin mai unguwa a ji abin da aka yarda da shi a wannan lokaci, kada a biya kuɗi a zo a tashi taron.

Idan an yanke shawarar kiran makaɗi, ko zabiya da masu ƙwarya, ko masu mandiri, ko mai kayan sauti da ake kira dije, to a sani wannan ijara ce, kuma sharaɗin ijara a fiƙihu shi ne a san aikin a san ladan. A zauna da shi gaban shaida, a rubuta ranar, da lokacin farawa da na tashi, da yawan mutanen da zai zo da su, domin makaɗi ba ya tafiya shi kaɗai, yana da 'yan amshi da sanƙira da yara masu ɗaukar kaya, kuma duk sai sun ci sun sha. A rubuta wanda zai biya mota, da wanda zai sayi man janareto da lita nawa, da abin da za a bayar tun farko da abin da za a cika bayan an tashi, da kuma makomar kuɗin da aka bayar idan larura ta sa aka ɗaga biki. Kada a biya duka tun farko. Shawarata ita ce duk abin da ya shafi kiɗa, da lada da mai da abinci da kyauta, kada ya wuce naira 5 cikin kowace naira 100 ta kuɗin biki. Idan abin da aka nema ya fi haka, to matan gida da ƙwaryarsu da guɗarsu sun wadatar, kuma shekaru aru-aru da su aka kai amare ɗakunansu.

Sai abin da za a faɗa a cikin waƙar, wanda ya fi kuɗin muhimmanci. Yanzu an saba a aika da sunaye ga mawaƙi a Gusau ko Kano ko Kaduna, ya shiga situdiyo ya yi wa ango da amarya waƙa, a turo ta waya. Wannan yana da sauƙi ta wani gefe, tun da sau ɗaya ake biya kuma babu ciyar da tawaga. To amma a rubuta sunayen da kyau, a jera su bisa girma, iyaye da kakanni kafin abokai, a kuma saurari waƙar daga farko har ƙarshe kafin ranar, a gaban wani dattijo ko dattijuwa daga kowane ɓangare. Mantuwa da sunan gwaggo guda ta isa ta jawo fushin shekara. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne habaici da zambo, musamman idan amarya za ta shiga gidan da akwai uwargida. Ƙawaye sukan ba mawaƙiya kuɗi ta yi wa kishiya habaici, su yi shewa su tafi gidajensu, su bar yarinya ta zauna shekaru da matar da aka ci wa mutunci a bainar jama'a saboda ita; waƙar kuma ba ta mutuwa da yinin biki kamar da, tana nan a wayoyin mutane ana sake kunna ta. A gaya wa mawaƙi tun wurin ciniki cewa babu habaici ga kowa, a sa shi cikin sharaɗi, kuma ango ya ware wa uwargida kayan faɗar kishiya a littafinsa tun farko, kada ya bar ta sai abin da ya rage.

Liƙi shi ne ƙofar da ba ta da marfi. Maroƙi ya san aikinsa: zai kira sunanka da na ubanka da na kakanka a gaban surukai, ya ambaci abin da wane ya bayar, har kunya da alfahari su sa ka zaro abin da ka ajiye domin cefanen mako. Maganin wannan shi ne a yanke abin da za a yi kyauta da shi tun a gida, a damƙa wa babban abokin ango ko wata amintacciya a ɓangaren mata, sauran kuɗi kuma a bar su a ɗaki. A miƙa kyautar a hannu ko a faranti, maroƙi ya yi shela sau ɗaya. A sani kuma sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya hana watsa naira da tattaka ta a wurin biki, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. Akwai kuma dalilin da ya fi doka kusa da mu, wanda kowane mutumin Moriki da Zurmi da Shinkafi ya san shi ba sai an faɗa da ƙarfi ba: a wannan zamani na 'yan bindiga da masu kai musu rahoto, wanda ya tsaya a fili yana zuba kuɗi, ko ya baje lefe ana ɗauka a waya ana yaɗawa, ya sanar da wanda bai gayyata ba abin da ke gidansa. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan musiba.

Saboda wannan dalili ne kuma lokaci ya shiga cikin lissafi. A yi ɗaurin aure da hantsi ko bayan Juma'a, a yi yinin mata tsakanin azahar da la'asar sakaliya, a kashe lasifika idan an kira salla, a sallami makaɗa da sauran rana domin su ma su isa gida lafiya. Idan amarya za a kai ta wani gari, a tashi da rana tsaka, a rage yawan motoci da masu rakiya, a tambayi direbobin tasha halin hanya a safiyar ranar, kuma a roƙi dangi na nesa gafara idan an ce su yi addu'a daga inda suke. Taron da aka gama da rana ya rage man janareto, ya rage abincin dare, ya rage masu kwana, kuma duk waɗannan layuka ne a littafi da za a ga sun sauka.

Aiki

Kowane ɗalibi ya ja gida huɗu a littafinsa kamar yadda aka bayyana, ya ƙaddara bikin ɗansa ko 'yarsa ko ƙanensa ne za a yi bayan wata shida. Manomi ya fara da lissafin rumbunsa na bana, da adadin tiyar da gidansa yake ci a haƙiƙa, ya fitar da abin da ya rage. Mai sana'a ko albashi ya yi da kuɗin wata. Ranar kasuwa mai zuwa a tayo farashin abu goma daga cikin kayan da aka jera, a rubuta kowanne a gidansa. Sa'an nan ɗalibai su kasu biyu-biyu, ɗaya ya zama uban biki ɗaya makaɗi, su rubuta takardar yarjejeniya mai ɗauke da rana, da lokacin farawa da tashi, da yawan mutane, da lada, da wanda zai sayi mai, da sharaɗin barin habaici, su sa hannu, na uku ya sa hannu a matsayin shaida. A zo da littafin da takardar a zama na gaba, za a karanta wasu a gaban aji a gyara lissafinsu tare.